Likitan fisiyo ya iya gashi, amma wa ya koya masa riƙe sashe?

A yawancin manyan asibitocinmu, idan kana neman sashen gashi sai ka wuce ɗakin karɓar gaggawa, ka wuce ɗakin tiyata, ka wuce wajen awo da wajen karɓar magani, sannan wani masinja ya nuna maka wani lungu can baya. Wani lokacin ma sai an hau bene. Alhali mutanen da ke neman wannan sashe su ne waɗanda tafiya ta fi yi wa wuya: dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, matashin da haɗarin babur ya taɓa masa laka, uwar da ta goyo yaro ɗan shekara huɗu wanda har yanzu bai iya zama ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Wasu mutane ne suka zauna a wani taro suka raba ɗakunan asibitin, suka raba kuɗinsa, suka raba guraben ɗaukar ma'aikata. A wannan taro, ko dai babu mai magana da yawun sashen gashi, ko kuma yana nan amma bai san yaren da ake yi a teburin ba.

A nan ne batun horar da ma'aikatan farfaɗo da lafiyar jiki a kan shugabanci ya shigo, kuma ra'ayina a kai shi ne: horon yana da amfani ƙwarai, amma irin wanda muka saba yi, na kwana biyu a otal da takardar shaida a ƙarshe, ba shi ne zai kai mu ko'ina ba. Wanda kuma aka yi da kyau amma aka hana mai shi iko bayan ya dawo, shi ma yana da tasa illar.

Su wane ne ake magana a kansu

Bahaushe ya fi sanin likitan fisiyo, wanda ake kira mai gashi ko mai gashin ƙashi. Amma fannin ya fi haka faɗi. Akwai masu koya wa majiyyaci komawa harkokinsa na yau da kullum, kamar cin abinci da kansa, sa riga, alwala, riƙe allura ko alƙalami. Akwai masu gyaran magana da haɗiya, akwai masu auna ji, akwai masu ƙera ƙafar roba da hannun roba da takalman gyaran ƙafa. A Najeriya hukuma ɗaya ce ke yi musu rajista da ba su lasisi, wato MRTB, wadda doka mai lamba 38 ta shekarar 1988 ta kafa.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. An kafa Ƙungiyar Likitocin Fisiyo ta Najeriya a 1959, shekarar da aka buɗe asibitin ƙashi na Dala a Kano. Jami'ar Ibadan ta fara bayar da digiri a fannin a 1966. Yau Jami'ar Bayero da wasu jami'o'in Arewa suna yaye ɗalibai duk shekara.

Buƙatar kuwa ta fi ƙarfin masu aikin nesa ba kusa ba. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2020 ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 2.4 a duniya suna fama da wata lalura da wannan aiki zai amfane su, wato kusan mutum ɗaya cikin uku. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da dama ƙwararrun fannin ba su kai goma ba ga kowane mutum miliyan ɗaya, kuma a wasunsu fiye da rabin masu buƙata ba sa samun kulawar. Mu a nan ba ma sai an kawo mana lissafi ba. An ayyana Najeriya a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agustan 2020, amma waɗanda cutar ta riga ta shanye wa ƙafafu suna nan tare da mu, suna girma, suna tsufa. Hawan jini yana kwantar da mutane kullum. Rikicin Arewa maso Gabas da hare-haren 'yan bindiga sun bar mutane da yawa babu ƙafa ko hannu, shi ya sa ma ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta tallafa wa aikin ƙera ƙafar roba a Dala, daga baya kuma aka buɗe wata cibiyar a asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri.

Idan ma'aikata kaɗan ne, majiyyata kuma ba iyaka, to yadda aka tsara aikin shi ne kusan komai. Wannan ne dalilin da ya sa ba na ganin batun shugabanci a matsayin ƙawa.

Yadda ake zama shugaban sashe a wurinmu

Kowa ya san hanyar. Ka gama makaranta, ka yi shekarar koyon aiki, ka yi hidimar ƙasa, ka samu aiki. Daga nan sai ƙarin girma duk bayan wasu shekaru, mataki bayan mataki, har wata rana na gabanka ya yi ritaya ko ya tafi ƙasar waje, a miƙo maka takarda cewa kai ne shugaban sashe. Shekara ashirin kana koyon jijiya da tsoka da gaɓa. Yau da safe kuma ana so ka rubuta kasafin kuɗin shekara mai zuwa, ka kare shi a gaban kwamiti, ka sasanta ma'aikata biyu da ba sa ga maciji, ka san dokar sayen kaya, ka tsara jadawalin aiki, ka amsa takardar tuhuma daga ofishin binciken kuɗi.

Babu wanda ya koya maka ko ɗaya daga ciki. Sai ka kwaikwayi wanda ka gada, shi ma wanda ya gada ya kwaikwaya. Idan an yi sa'a mutumin kirki ne mai tsari, sashe ya ji daɗi. Idan kuwa mai tsawa ne da riƙe makulli a aljihu, haka za a ci gaba da gadon tsawa da makulli.

Mu ɗauki misali guda. Injin gashi ya lalace a wani sashe. Shugaban da bai samu horo ba zai rubuta takarda ya ce injinmu ya lalace, muna roƙon a saya mana sabo. Takardar za ta je ta kwanta a kan wasu takardu arba'in masu irin wannan roƙo, daga ɗakin haihuwa, daga ɗakin gwaje-gwaje, daga ɗakin tiyata. Duk wanda ke riƙe da kuɗin asibiti, idan ya ga tiyata a gefe guda da gashi a ɗaya gefen, tiyata zai zaɓa, kuma ba za ka ga laifinsa ba.

Shugaban da ya san aikinsa zai zo da wata magana dabam. Zai ce ga yawan mutanen da muke gani a wata, ga kuɗin da sashen ke shigarwa, ga adadin waɗanda muka mayar gida tun da injin ya tsaya. Zai ƙara da cewa mai shanyewar ɓarin jiki da aka fara motsa shi da wuri yakan bar gado da wuri, gadon kuma wani majiyyacin ke jira. Wanda aka bari kwance babu juyawa zai yi gyambon kwanciya, gaɓoɓinsa su ƙage, ya ƙara makonni a asibiti. Gaskiya ɗaya ce mutanen biyu suke faɗa. Na biyun ne kawai ya faɗe ta da yaren da akanta da daraktan mulki suke ji. Wannan abu ne da ake koyo, ba baiwa ba ce da ake haihuwar mutum da ita.

WHO ma ta gane haka. A watan Fabrairun 2017 ta ƙaddamar da wani kira na musamman kan farfaɗo da lafiyar jiki zuwa shekarar 2030, kuma samar da shugabanci mai ƙarfi na cikin abubuwan da ta sa a gaba. Daga baya ta fitar da jadawalin ƙwarewar da ake so ma'aikacin wannan fanni ya mallaka, ta kasa shi gida biyar: aikin kula da majiyyaci, ɗa'ar sana'a, ci gaba da neman ilimi, bincike, sai kuma gudanarwa da shugabanci. Ba ta keɓe na ƙarshen ga manya kaɗai ba. A watan Mayun 2023 kuma babban taron lafiya na duniya ya zartar da ƙudurinsa na farko a tarihi kan wannan fanni, yana neman ƙasashe su shigar da shi cikin tsarin lafiyarsu tun daga matakin farko. To wa zai bi wannan ƙuduri zuwa ma'aikatar lafiya ta jiha, ya zauna da babban sakatare, ya mayar da shi layi a cikin kasafin kuɗi? Ba mutanen Janeba ba ne za su zo su yi mana.

Inda horon ke taɓa majiyyaci

Akwai masu ganin cewa duk wannan magana ce ta ofis, ba ruwan talaka da ita. Ni kuwa ina ganin talaka ne ya fi kowa jin jiki idan tsari ya lalace.

Dubi yaran da ake haifa da lanƙwasasshiyar ƙafa. Maganin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne hanyar Ponseti: a riƙa ɗaure ƙafar da filasta ana canzawa mako-mako har sau biyar zuwa takwas, a yi ɗan ƙaramin yanka a jijiyar dunduniya idan da buƙata, sannan yaro ya riƙa sa wani takalmi mai sanda, da farko kusan dare da rana, daga baya lokacin barci kawai, har ya kai shekara huɗu ko biyar. Ɗaurin ba shi ne mai wuya ba, ma'aikatanmu sun iya. Inda ake faɗuwa shi ne shekarun takalmin. Iyaye sun ga ƙafa ta miƙe, kuɗin mota ya yi tsada, yaro yana kuka da dare, sai a ajiye takalmi, ƙafa ta koma gidan jiya. Abin da zai hana haka shi ne rajista mai kyau, da wanda aka ɗora wa alhakin kiran waya idan an ga uwa ba ta zo ba, da ware rana ɗaya a mako domin waɗannan yara, da tanadin takalma masu girma dabam-dabam. Duk wannan aikin mai tsara sashe ne.

Ko kuma yaran da ake kawowa ƙafa tana ja bayan an yi musu allura a ɗuwawu a wurin da bai dace ba, allurar ta taɓa babbar jijiya. Duk likitan fisiyon da ya yi aiki da yara a ƙasar nan ya san wannan matsala. Ma'aikaci nagari zai yi wa yaron gashi iya ƙoƙarinsa. Ma'aikacin da aka buɗe wa ido a kan jagoranci zai yi gashin, sannan ya fara rubuta daga wace unguwa yaran suke zuwa, a wane irin wuri aka yi allurar. Bayan wata shida yana da abin da zai kai wa hukumar lafiya a matakin farko da ƙungiyar masu kemis. Ba ya buƙatar zama darakta kafin ya yi wannan. Yana buƙatar wanda zai nuna masa cewa yin hakan ma aikinsa ne, ya koya masa yadda ake tattara bayani da yadda ake shiga ofishin da ba naka ba ka fito da biyan buƙata.

Haka batun masu ɗori. Jama'a sun yarda da su, suna kusa, suna da sauƙin kuɗi, kuma ba za su ɓace ba don wani ya zage su a rediyo. Sai dai ɗaurin da ya matse yakan kashe hannu ko ƙafa har ta kai ga yankewa. Zama da sarkin ɗori na gari a fahimci juna kan alamomin da idan an gani a turo asibiti da gaggawa, wannan aiki ne da ke son haƙuri da iya magana da sanin darajar mutane. Ba a koyar da shi a darasin tsoka da jijiya.

Akwai kuma abin da horon ke yi wa shi kansa ma'aikacin. Aikin farfaɗo da jiki aiki ne mai cin rai. Sauƙi yana zuwa a hankali, wani ma ba ya zuwa. Kana ganin mutum ɗaya wata da watanni, ka san matarsa, ka san 'ya'yansa, ka san ranar da kuɗinsu ya ƙare suka daina zuwa. Matashin ma'aikacin da ke ƙarƙashin shugaban da ya iya sauraro, ya iya raba aiki da adalci, ya iya gyara kuskure ba tare da tozartawa a gaban majiyyata ba, zai daɗe bai gaji ba. Albashi ba ya hannun shugaban sashe. Amma jadawalin aiki, da wa za a tura kwas, da wa za a yaba wa, duk suna hannunsa, kuma su ma suna korar mutane daga aiki.

Taron bita da takardar shaida

Yanzu bari mu zo ga inda gizo ke saƙar. Kamar sauran hukumomin ma'aikatan lafiya, MRTB tana neman ma'aikaci ya nuna shaidar ci gaba da ƙaro ilimi kafin ya sabunta lasisinsa. Manufar tana da kyau. Amma duk inda aka ce a tara maki, sai kasuwar maki ta buɗe. A kira taro, a gayyato babban baƙo, a yi jawabin buɗewa har azahar, a ci abinci, wani ya haska rubutu a bango ya karanta wa mutane siffofin shugaba nagari, a ɗauki hoto, a raba takardar shaida. Ranar Litinin kowa ya koma sashensa, injin yana nan a lalace, rajistar tana nan a yage.

Ba zargi nake yi a kan iska ba, masu bincike sun daɗe da auna irin wannan. A 2017 wasu masana a Amurka ƙarƙashin jagorancin Christina Lacerenza sun tattara sakamakon nazarce-nazarce 335 da aka yi kan horon shugabanci a ma'aikatu da kamfanoni iri-iri. Sun gano cewa horon yana aiki, har fiye da yadda ake zato. Amma ya fi aiki idan an fara binciko ainihin abin da mahalarta suke buƙata, idan an rarraba zaman a tsawon lokaci maimakon a cusa shi a zama ɗaya, idan akwai gwaji a aikace ba sauraro kawai ba, idan ana gaya wa mutum inda ya yi daidai da inda ya kauce, kuma idan a wurin aikinsa ake yi. Ka ɗauki wannan ka auna taron otal da shi, ka ga guda nawa ya cika.

Wani nazarin na 2015, wanda Jan Frich da abokan aikinsa suka yi kan shirye-shiryen horar da likitoci shugabanci, ya duba rahotanni 45. Mafi yawansu abin da suka auna shi ne ko mahalarta sun ji daɗi, ko suna jin sun ƙaru. Shida kacal ne suka nuna wani canji da ya faru a asibitin kansa. Wato ko a ƙasashen da suka fi mu kuɗi, an fi tambayar wanda ya je kwas yadda ya ji, a kan a je a duba ko layin majiyyata ya ragu.

Saboda haka idan za a ba da maki, a ba da shi a kan abin da mutum ya gyara. Ma'aikaciya ta zaɓi matsala ɗaya a sashenta, misali yawan masu shanyewar ɓarin jiki da ake sallama daga ɗakin kwanciya ba tare da an turo su gashi ba. Ta ƙirga su na wata uku. Ta zauna da likitoci da ma'aikatan jinya a samo hanyar da za a riƙa sanar da sashen tun ranar da aka kwantar da mutum. Ta sake ƙirgawa bayan wata shida, ta rubuta shafi biyu. A tsawon wannan lokaci tana da wani babba da take tuntuɓa, ko da ta waya ne, kuma tana haɗuwa da takwarorinta na wasu asibitoci sau ɗaya a wata su baje matsalolinsu. Wannan ya fi taron otal araha. Kuma amfaninsa a bayyane yake, domin watanni uku zuwa shida na farko bayan shanyewar jiki su ne lokacin da aka fi samun sauƙi, duk makon da aka ɓata ba ya dawowa.

Af, kada a manta da wanda ake turawa. A al'adar ma'aikatunmu kwas lada ne, ba kayan aiki ba. Babba ne ke tafiya, sau da yawa wanda saura shekara biyu ya yi ritaya, saboda akwai kuɗin tafiya a ciki. Wanda ya kamata a tura shi ne na tsakiya, mai shekara bakwai ko goma a aiki, wanda shi ne ke riƙe da sashen a zahiri kuma shi zai gaje shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mata kuma, waɗanda suke da yawa a wannan sana'a kuma majiyyata mata da dama a Arewa suka fi sakin jiki da su, kwas na mako biyu a Legas ko Abuja yakan fi ƙarfin mai goyo. Horon da ake yi a cikin asibiti, awa biyu a mako, shi ne zai tafi da su.

An koya masa tuƙi, an hana shi makulli

Ga illar da na ambata tun farko. A ce an yi komai daidai. Matashi ya samu horo mai kyau, ya dawo da tsari a hannu, ya san abin da ya lalace da yadda za a gyara. Sai ya tarar ba shi da ikon kashe ko naira dubu goma sai takarda ta zaga ofis biyar. Kuɗin da sashensa ya shigar ya tafi babban asusu, ba ya dawowa. Kwamitin da ke yanke shawara ba shi da kujera a ciki. Kafin horon yana cikin duhu amma hankalinsa a kwance. Yanzu yana gani sarai, kuma hannunsa a ɗaure.

Irin wannan mutum ba ya daɗewa. Takardar da aka ba shi ta ƙara wa takardunsa nauyi, Ingila da Kanada da Saudiyya kuma suna neman irinsa. Mu muka biya kuɗin horon, wasu su ci moriyarsa. Ba na cewa a daina horarwa don kada a gudu, wannan wauta ce. Cewa nake yi duk asibitin da zai tura ma'aikaci koyon shugabanci, ya fara yanke shawarar abin da zai damƙa masa idan ya dawo: wani kaso na kuɗin da sashen ke samu domin gyare-gyare, kujera a kwamitin kasafi, ikon tsara ma'aikatansa.

Na san a nan wasu za su ce ai matsalar ta fi haka zurfi, kuma suna da hujja. Dokar da ta tsara shugabancin asibitocin koyarwa na tarayya ta keɓe kujerar babban darakta ga likita. Wannan na cikin abubuwan da suka daɗe suna haddasa takun saƙa tsakanin ƙungiyar likitoci ta NMA da haɗakar ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya ta JOHESU, tare da batun tsarin albashi da muƙamin kwansaltan. Mai wannan ra'ayi zai ce me amfanin koya wa mutum hawan tsani alhali an toshe saman?

Amsata ita ce tsakanin ƙasan tsani da samansa akwai matakai da yawa da babu dokar da ta hana, kuma a nan ne rayuwar majiyyaci take. Babu dokar da ta hana a mayar da sashen gashi kusa da ƙofa. Babu wadda ta hana jiha ta buɗe ofishin kula da wannan fanni a ma'aikatar lafiya ta ɗora ɗan sana'ar a kai. A Ingila hukumar lafiyarsu tana da babban jami'i na musamman mai wakiltar waɗannan sana'o'i a matakin ƙasa, kuma a 2014 aka naɗa Suzanne Rastrick a kujerar, wadda asalinta mai koya wa majiyyata komawa harkokin yau da kullum ce. Ba a kori likita ko ɗaya ba kafin a yi hakan. Sannan yajin aiki yana iya kawo ƙarin albashi, amma bai taɓa koya wa kowa karanta kasafin kuɗi ba. Ranar da aka buɗe ƙofar, dole a samu waɗanda suka shirya shiga. Ina ma a ce wani ɓangare na horon a haɗe ake yin sa, likita da ma'aikaciyar jinya da likitan fisiyo da mai harhaɗa magani a aji ɗaya suna warware matsalar ɗakin kwanciya ɗaya. Mutumin da kuka yi wata shida kuna aiki tare yana da wuya ka tsaya a gaban 'yan jarida ka kira shi maƙiyi.

Akwai ma ƙofofin da suke a buɗe yanzu haka, ana jiran mai shiga. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba gine-ginen gwamnati wa'adin shekara biyar su samar da hanyar shiga ga mai keken guragu da sauransu. Wa'adin ya cika a farkon 2024. Je ka duba asibitin da ke kusa da kai ka gani. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta samar da asusun kula da lafiya a matakin farko, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta wajabta inshora ga kowa, jihohi ma suna da nasu hukumomin taimakekeniya. A kowace daga cikinsu akwai jerin abubuwan da ake biya wa majiyyaci. Zaman gashi nawa ne a ciki? Akwai sandar dogarawa? Akwai takalmin yaron nan mai lanƙwasasshiyar ƙafa? Mutane ne ke zama su rubuta wannan jeri, kuma abin da aka kawo musu da hujja da lissafi shi suke dubawa.

Saura batun wanda zai biya. Mun saba jiran ƙungiyoyin waje su kawo horo da kuɗin mota da abincin rana. Rufe hukumar USAID da gwamnatin Amurka ta yi a 2025 ya isa ya nuna cewa wannan rijiya tana iya ƙafewa dare ɗaya. Abin da ake buƙata kuma bai kai tsadar da ake tsoro ba. Jami'ar Bayero tana da sashen fisiyo, tana da makarantar koyon kasuwanci da gudanarwa, asibitin Malam Aminu Kano da na Dala duk suna gari ɗaya. Haka Maiduguri take da jami'a da asibitin koyarwa da cibiyar ƙafar roba a wuri guda. Malamin gudanarwa ɗaya, tsohon shugaban sashe ɗaya da ya yi ritaya da mutuncinsa, ma'aikata goma sha biyar daga asibitocin jiha, zama ɗaya a wata har shekara, kowa da matsalar da ya zo da ita daga sashensa. MRTB ta amince ta ba da makin sabunta lasisi a kan rahoton da kowannensu zai rubuta a ƙarshe, shugabannin asibitocin kuma su sa hannu tun farko cewa za su zauna su saurari rahoton a taron hukumar gudanarwa.